Kunnen da Lubwama Ya Buga wa Ango

A duk faɗin unguwar Kalerwe ta birnin Kampala babu wanda bai san Farfesa Lubwama ba. Wuri ɗaya ne labarin farfesancinsa bai kai ba, wato cibiyar binciken da yake aiki a can kan tudu. A can sunansa Lubwama kawai, aikinsa kuwa wanke kwalabe da goge daɓe. Amma da yake an ba shi farar rigar aiki, shi kuma ba ya tuɓe ta sai ya iso ƙofar ɗakinsa, sai unguwa ta yanke nata hukuncin. Shi kuma bai ga dalilin da zai ƙaryata jama'a ba.

Kowace yamma yana rumfar Maama Zalwango mai suyar rogo, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yau mun sha aiki," in ji shi. "Ni da Dakta Nakiwala. Yarinyar tana da ƙoƙari, sai dai dole a riƙa nuna mata."

"Me ka nuna mata yau?" Maama Zalwango ta tambaya tana juya rogo. "Inda tsintsiya take?"

"Maama, ilimi ba suya ba ne. Bari in yi shiru."

Bai taɓa yin shirun ba.

Ita Dakta Nakiwala shekara uku ta yi tana haɗa wani abu mai danƙo, garai-garai kamar ƙanƙara, taushi kamar kunun da ya huce. Yadda take bayyana wa ɗalibanta, wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. In an zuba su a ruwa sai su kama hannun juna da kansu, su saƙa raga su riƙe ruwan. Ba ɗaurin igiya ba ne, riƙon hannu ne: in an matsa su ko an girgiza sai su saki, in an bar su su sake kamawa, in zafi ya yi yawa su watse. Shi ya sa ake iya tura abin ta bakin allura, na'ura ta riƙa jera shi layi bisa layi har ya ɗauki siffar da ake so. Burinta wata rana a zuba ƙwayoyin naman mutum a ciki, a rufe ƙuna, ko a gina wa wani kunne. Amma ko a jikin ɓera ba a gwada ba tukuna.

Lubwama ya ji wannan bayani sau ba adadi yana jan tsumman goge daɓe. Farkon ya shiga. Ƙarshen kuwa kullum ya riga ya fita zubar da ruwa.

Sai ga Kafeero, ɗan boda-boda, wato ɗan acaɓa, maƙwabcinsa. Shekara uku da suka wuce madubin wata babbar mota ya tafi da rabin kunnensa na dama, tun daga nan rani da damina yana cikin hular ulu. Yanzu kuma ranar Asabar za a kai shi ƙauyen su Namazzi, yarinyar da zai aura, a bayan garin Mpigi, a gabatar da shi ga danginta. Ango kuwa farar doguwar riga da kwat yake sawa, babu hula.

"Mutanen nan bakinsu reza ne," ya ce a rumfar, ko rogon bai taɓa ba. "An ce mai magana da yawunsu ya taɓa sa wani ango kuka a kan giɓi kawai. Ni da nake da giɓi a kunne fa?"

Lubwama ya yi wata dariya ta manya.

"Kunne? Kunne kawai? Na ɗauka matsala ce. Mu da muke buga kunne kafin mu sha shayin safe."

"Bugawa? Kamar katin biki?"

"Ya ma fi sauƙi, ba ruwansa da kuskuren suna. A liƙa maka, kwana uku ya kama nama. Sati guda ka fara jin gulmar da ake yi a can garin Entebbe."

Matar Lubwama, Nalwoga, da ta zo sayen rogo, ta ce, "Baban yara, kai da maɓallin rigarka ma ni nake ɗinka maka?"

"Maɓalli aikin mata ne. Kunne aikin masana."

Ranar Juma'a Dakta da ɗalibanta suka tafi taro, aka bar wa Lubwama makullai don ya yi shara. Ya shigar da Kafeero a matsayin mai gyaran famfo. Ya buɗe firij, ya ɗauko 'yar kwalbar da aka rubuta wa kashedi da jan biro, ya ɗura wa na'ura. Hoton kunnen da ɗalibai ke gwaji da shi yana nan a kwamfuta. Na'ura ta tambayi girma. Lubwama ya danna lambar da ta fi kusa da yatsansa.

Allura ta yi ta zagaye, ta tsaya. Suka sunkuya. Kunne ne kam, sai dai bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Farfesa, wannan na ɓera ne?"

"Iri ne. Da shi ake farawa."

Ya kwashe ya mayar cikin allurar, ya ƙara sifili. Wannan karon abin ya fito faffaɗa kamar ganyen kabeji.

"Ango nake so in zama, ba jaki ba."

"Kai fa ba ka da haƙuri. A Turai layi ake bi a samu irin wannan."

Na uku ya yi daidai girma. Kafeero ya kara shi a gefen kansa gaban gilashin kabad, ya ga yana kallon baya.

"Na hagu ne."

"To? Ka samu na hagu biyu. Wa zai tsaya ƙirge a wurin biki?"

Sai wajen la'asar, bayan Lubwama ya danna duk abin da ke dannuwa, aka samu na dama. Daɗi ya kama shi, ya buga biyu, wai ko mota tana yawo da safaya. Ya jera su a kwanon da Nalwoga ke zubo masa abincin rana, ya rufe, suka hau babur.

Duk wanda ya san hanyar Kalerwe ya san ramukan ne suka fi kwaltar yawa, Kafeero kuma bai taɓa rage gudu don rami ba. Suka iso suka tarar rabin unguwa a rumfar Maama Zalwango, domin tun safe Lubwama ya sanar. Ya hau benci, ya yi jawabi a kan yadda Turawa suka yi ta neman wannan sirri Allah bai ba su ba. Sannan ya ɗaga murfi.

Babu kunne ko ɗaya. Wani dunƙule ne guda, kewayayye, siffar kwanon sak, yana rawa yana ƙamshin miyar gyaɗa.

Jama'a suka leƙa kwanon. Maama Zalwango ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana.

"Babu gishiri," in ji ta. "Wannan ai farfesun ƙafar saniya ne da ya kwana. Wai Farfesa ne sunanka ko Farfesu?"

Aka fashe. Wannan ya lakata, wancan ya lakata, wani ma ya nemi barkono. Kafin Lubwama ya ƙwace kwanonsa rabi ya tafi.

"Jahilci!" ya ce. "Da gangan na yi, don ku ga haɗin kai. Kunne biyu sun yarda sun zama ɗaya. Ku a layin famfo ma ba ku iya haɗa kai ba."

"Farfesa," Kafeero ya ce, "gobe ne fa."

"Goben ta zo. Ni ta tarar."

Da safiyar Asabar Lubwama ya sake komawa cibiyar. Abin da ya rage kunne ɗaya tak ya bayar. Ya sa shi cikin kula da ƙanƙara, ya rungume kamar jinjiri har cikin motar 'yan rakiya. A ransa ya riga ya gama lissafi: in biki ya watse ya ce kunnen yana buƙatar sabis, ya ɓare shi, ya mayar kwalba, ya cika da ruwa. Abu ne mai haɗewa da kansa, Dakta ba za ta taɓa ganewa ba.

Sai da suka tsaya a bakin ƙauyen don a gyara riguna aka ga wata matsalar. Kunne garai-garai, Kafeero kuwa baƙi wuluk. Lubwama bai ko girgiza ba. Ya aika shago aka sayo garin koko, irin mai sukari na shayin yara, ya barbaɗe kunnen har ya yi duhu. Ya maƙala shi da filasta da abin kama gashin Nalwoga. Daga nesa, gaskiya, ya yi kyau.

"Saurara," ya ce. "Kada ka gyaɗa kai. Kada ka yi dariya. Kada ka tauna komai. Kada ka juya wuya."

"In an gaishe ni fa?"

"Amsa da ido."

Aka shiga. Rumfunan tamfol biyu suna fuskantar juna, rana kuwa ta buɗe kamar an aike ta. Mai magana da yawun gidan amarya, wani siririn dattijo mai suna Kayongo, ya karɓi baƙi da zolaya iri-iri, kowa na dariya ban da mutum ɗaya a layi na uku, zaune ƙiƙam kamar ya haɗiye muciya. Aka kawo ruwa bai sha ba. Wata tsohuwa ta gaishe shi ya ƙifta mata ido, ta koma tana cewa ba ta taɓa ganin ɗan iska irin wannan ba.

Sai lokacin nemo ango ya yi, domin a al'adarsu gwaggon amarya ce ke zaƙulo shi daga cikin baƙi. Gwaggon Namazzi ta fito da fure tana rawa, ta shiga cikin baƙi. Idonta ya yi rauni, sau ɗaya kuma ta taɓa ganin Kafeero, amma ta riƙe alamarta. Ta bi layi tana leƙa kan kowa ta dama. Ta wuce Kafeero. Ta dawo ta sake wucewa. Makaɗa suka gaji da maimaita waƙa. A zagaye na uku ta tsaya tsakiyar fili ta ɗaga hannu.

"Ku tsayar da kiɗan nan. Angon bai zo ba."

Wuri ya ruɗe.

"Gwaggo, ki duba da kyau," in ji Kayongo.

"Na duba. Namu mai kunne ɗaya da rabi ne. Waɗannan duk bibbiyu gare su."

Kayongo ya juyo a hankali, murmushinsa ya ɗauke. "Baƙinmu na Kampala, mun san a birni akan canja kaya a hanya. Mun ji na taya, mun ji na batir. Na ango ne ba mu taɓa ji ba. Ina kuka kai namu?"

Kawunnan amarya suka fara miƙewa. Mai maganar gidan ango ya shiga ba su haƙuri. Lubwama kuwa ya ga ranar da ya daɗe yana jira ta zo da ƙafarta. Ya tashi, ya gyara farar rigarsa, wadda ya ɗora a kan kayan biki, ya fizge makirfo.

"Iyaye, ku kwantar da hankali. Ga angonku nan. Abin da kuke gani aikin hannuna ne. Ni, Farfesa Lubwama, yau da safe na buga masa sabon kunne!"

Ya tayar da Kafeero ya juya shi kamar kayan gwanjo. Mata suka yi guɗa, wayoyi suka tashi sama. Lubwama ya ji kansa ya taɓa tamfol. Ya ce wanda ba shi da hanci ya zo, wanda ya rasa yatsa ya zo. Ya karanto lambar wayarsa sau biyu. Wani tsoho ya tambaya ko ana buga haƙori.

"Talatin da biyu a zama ɗaya, Baba. Har da na zinariya in kana so."

"Farfesa," in ji Kayongo, yana ƙare wa ango kallo, "mu mutanen ƙauye ne, ka yi haƙuri da mu. Shin sabon kunne yakan yi kuka?"

Wani baƙin ruwa na gangarowa wuyan Kafeero, ya riga ya zana taswira a farar rigarsa.

"Zufa ce. Alamar yana raye."

"Na ga kuma ɗazu bai kai haka tsawo ba."

Gindin kunnen ya sauko ya kusa taɓa kafaɗa.

"Girma yake yi. Yaro ne."

"Ƙudan nan fa? Su ma 'yan rakiya ne?"

Ƙudaje kam sun samu koko da sukari, sun kira 'yan'uwansu. Kafeero yana tsaye idanunsa sun kaɗa, yana tsoron ko da kora ɗaya.

Don a rufe maganar, mai maganar gidan ango ya yi sauri ya kira kyautar yayan amarya. Zakara ne, kuma dole ango ya miƙa shi hannu da hannu. Aka danƙa wa Kafeero wani jan zakara ƙato, wanda tun asuba yake ɗaure bai ga ƙwayar hatsi ba. Kafeero ya rungume shi a ƙirji ya fara takawa, wuya a sandare. Zakara ya karkata kai. Ya ga ƙudaje a jere a kan wani abu mai ƙyalli, dab da bakinsa.

Sara ɗaya ya yi. Kunne ya taho gaba ɗaya, filasta na lilo. Zakara ya miƙa wuya sau biyu, ya haɗiye.

Kafeero ya yi ihu ya sake shi. Igiyar ƙafa ta kwance, zakara ya bi ta ƙarƙashin kujeru. Lubwama ya manta makirfo na hannunsa, ya rufa masa baya.

"Ku tare shi! Ku tare min shi! Kayan ofis ne! Wayyo, Dakta za ta kashe ni! Shekara uku tana haɗa shi! Ran Litinin zan mayar!"

Lasifika huɗu suka kai maganar har gonakin ayaba. Ya ture teburin kek, ya taka kwandon matoke, wato ɗanyar ayabar dafawa, ya faɗa kan cinyar wani limamin coci. Zakara ya haye rufin kicin ya yi cara.

Kayongo ya jira sai da Lubwama ya miƙe, yana haki, da ganyen ayaba a kafaɗa.

"Farfesa, tambaya biyu kawai. Wace Dakta ce za ta kashe Farfesa guda?"

"Wata... wata 'yar ƙarƙashina ce."

Daga bayan rumfa muryar Nalwoga ta taso, a gajiye. "Baba, kwalabe yake wanke mata."

Dariyar da aka yi sai da ta tayar da zakaran daga rufi.

"Ta biyu," in ji Kayongo. "Ka ce ran Litinin za ka mayar. Kunnen da ka ce ya zama na surukinmu?"

Kafeero ya juyo. Karo na farko ke nan a ranar da ya juya wuyansa, kuma ya juya shi sosai.

"Aro ka ba ni? Kunnen ma aro ne?"

"Ba aro ba... sabis."

Da abokan ango ba su riƙe shi ba, da a ranar an samu mutum na biyu mai neman kunne. Ana cikin haka Gwaggo ta matso, ta leƙa gefen kan Kafeero, ta shafa tsohon tabon da yatsa.

"Yauwa! Ga angonmu. Ina ka shiga tun ɗazu?"

Ta maƙala masa furen a kan tabon kokon da ke rigarsa. Mahaifin Namazzi ya karɓi makirfo.

"Yaro, labarin kunnenka mun ji shi tun bara, babu wanda ya hana barci. Mun ba ka 'yarmu da kunne ɗaya da rabi. Sai dai ka rage sauraron mutane irin wancan, tun da ragowar ba ta da yawa."

Namazzi tana durƙushe a tabarma, ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na girgiza. Wasu suka ce kukan rabuwa da gida take yi. Waɗanda ke kusa sun san ba shi ba ne.

Ran Litinin Lubwama ya tarar da Dakta Nakiwala a zaune, kwalbar a gabanta babu komai ciki, wayarta kusa da ita. Bidiyon ya riga shi isowa ta hanya bakwai.

"Zauna, Farfesa."

"Ranki ya daɗe, sharrin maƙiya..."

"Na san yadda zan sake haɗa shi. Wata shida zai ci, wata shidan da masu ƙuna za su ƙara jira. Amma da a ce ciwon mutumin nan ɗanye ne, ka liƙa masa koko da miyar gyaɗa, yau a ina kake zaton za mu same shi? A ina za mu same ka?"

Lubwama ya kalli daɓe. Shi ya goge shi, ya yi kyau ƙwarai.

Ta ja numfashi, ta jawo littafinta, domin mai bincike ba ya barin asara ta tafi a banza.

"Minti nawa ya yi a rana kafin ya fara zuba?"

"Kamar arba'in, ranki ya daɗe."

Ta rubuta. "Zakaran fa? Yana tafiya daidai? Yana cin abinci?"

"Ai... an yanka shi. Yayan amarya ya ce ba zai ajiye zakaran da ya ɗanɗana suruki ba."

Biro ya tsaya. "Wa ya ci?"

"Mutum goma sha ɗaya. Duk lafiyarsu lau."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, domin har da ni. Cinya ɗaya na samu." Ya gyara zama, muryarsa ta fara dawowa. "Dabara ce na yi, ranki ya daɗe. Na ce aƙalla wani abu daga ciki ya dawo ofis."

Dakta Nakiwala ta ajiye biro. Sannan ta rufe littafin, ta leƙa taga ta kira maigadi.

"Karɓi makullan da ke hannunsa," in ji ta. "Ga sauran kayan ofis nan a zaune. Kai shi bayan get ka ajiye a rana. Wannan kam na tabbata ba ya narkewa."